Kyamarar kama gudu da dokar kilomita 30 a gaban makarantu: Yadda lamarin ya shafi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Tun daga daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, duk maganar da aka tayar kan tsaron ɗalibai a kudancin Jihar Katsina takan ƙare ne a kan katanga da masu gadi da jami'an tsaro. Babu mai ganin laifin haka, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai akwai wani haɗarin da ke jiran yaro kowace safiya da kowace azahar a bakin ƙofar makaranta, wato titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma babu abin da ya kai waɗannan haɗurra kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka ware kewayen makarantu suka ba shi dokar gudu ta musamman, galibi kilomita 30 a sa'a, wasunsu kuma suka kafa kyamarori domin kama masu karya dokar.

Hanyoyin da ake magana a kansu

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma manyan hanyoyi sun ratsa su. Babbar cikinsu ita ce hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta bi ta ƙasar Faskari, ta wuce Sheme da 'Yankara kafin ta shiga Tsafe a Jihar Zamfara. Ita ce tireloli da tankokin mai da motocin haya masu zuwa Gusau da Sakkwato ke bi dare da rana. Daga Sheme wata hanyar ta ɓalle zuwa Ƙanƙara, ta ci gaba zuwa Dutsinma da birnin Katsina. Sabuwa kuwa tana kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Ɗandume, daf da iyakar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna.

An shimfiɗa waɗannan hanyoyi ne domin haɗa birni da birni, amma jama'a kan bi kwalta su zauna. Kasuwa ta matso bakin titi, masallaci ya biyo, tasha ta kafu, makarantar firamare da Islamiyya suka samu fili a gefe. Direban da ya taso daga Gusau yana kallonta a matsayin babbar hanya, yaron da gidansu ke tsallake kuwa yana kallonta a matsayin layin unguwarsu. A nan ne matsalar take.

Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya kasa gudu gida uku. Ƙaramar mota ta gida tana da kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan babban titi mai hannu biyu. Tasi da bas suna da 50 da 80 da 90. Tirela da tanka kuwa 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi. Babur bai kamata ya wuce 50 ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988 kuma Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta, ita ce ke kula da bin waɗannan ƙa'idoji a hanyoyin tarayya. Abin lura shi ne ko da kowane direba ya bi dokar cikin gari sau da ƙafa, kilomita 50 ya yi yawa a wurin da yara ke tsallakawa.

Me ya sa 30, ba 50 ba?

Amsar lissafi ce da duk wanda ya yi firamare zai iya bi. Motar da ke tafiya a kan kilomita 30 a sa'a tana cin mita 8 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Mai kilomita 50 tana cin kusan mita 14, mai kilomita 80 kuma mita 22. Direba mai hankali a jikinsa yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya daga lokacin da idonsa ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, kuma a cikin wannan daƙiƙa motar ba ta rage komai ba. Idan kwalta busasshiya ce, birki da tayoyi kuma lafiyayyu, mai kilomita 30 zai tsaya cak bayan kamar mita 13. Mai 50 sai ya ci kusan mita 28, mai 80 kuwa sai ya doshi mita 58.

A ɗauka yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, mita 13 tsakaninsa da mota. Mai tafiya a kan 30 zai tsaya a gabansa, a yi salati, a ja wa yaron kunne, kowa ya kama gabansa. Mai tafiya a kan 50 bai ma kai ga taka birki ba a wannan tazara, saboda haka da cikakken gudunsa zai buge shi. Wannan lissafi na mota mai ƙoshin lafiya ne. Tirelar da ta yi lodin masara ko shanu daga kasuwar Sheme, ko motar hayar da tayoyinta suka suɗe, ko kwaltar da yashi ya hau kanta bayan ruwan sama, duk suna buƙatar tazarar da ta fi haka nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne ƙarfin bugun. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, ninkuwa yake yi: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu. Bugun mota mai kilomita 30 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita uku da rabi, kamar daga rufin soro. Na kilomita 50 kamar faɗowa ne daga mita 10, wato saman bene mai hawa uku. Na kilomita 80 ya kai mita 25. Wani bincike da Rosén da Sander suka wallafa a 2009, bisa bayanan haɗurran da aka tattara a Jamus, ya nuna cewa yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa idan an buge shi a kan kilomita 50 ta ninka ta kilomita 40 fiye da sau biyu, ta kuma ninka ta kilomita 30 fiye da sau biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya kan ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4 cikin 100.

Sannan ga shi yaro ba ƙaramin babba ba ne. Gajere ne, motar da aka ajiye a gefen titi ko teburin mai shayi ya isa ya ɓoye shi daga idon direba. Inda gaban mota zai sami babba a ƙafa, yaro a ƙirji ko a kai yake samunsa. Ƙananan yara ba su iya auna saurin abin da ke tunkaro su ba, kuma idan ɗaya ya ruga sauran kan bi shi ba tare da duba hagu ko dama ba. Ana iya koya musu tsallaka titi, ya kuma kamata a koya, amma babu darasin da zai mayar da ɗan shekara shida mai hankalin ɗan shekara ashirin. Dokar kilomita 30 ta ginu ne a kan yarda da cewa yaro zai yi kuskure, ana so kuskuren ya tsaya a karaya ko ƙujewa.

Direbobi kan yi ƙorafin ɓata lokaci. Tazarar mita 500 a kan kilomita 80 tana ɗaukar daƙiƙa 23, a kan 50 daƙiƙa 36, a kan 30 kuma minti ɗaya cif. Asarar ba ta kai daƙiƙa 40 ba, ƙasa da lokacin da ake ɓatawa wajen neman canji a tasha.

Waɗannan hujjoji ne suka sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da kilomita 30 iyakar gudu a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. A watan Agustan shekarar Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware 2021 zuwa 2030 domin rage mace-macen hanya da rabi. Birnin Graz na Ostiriya ya riga kowa, tun 1992 ya mayar da mafi yawan titunansa kilomita 30.

Kyamarar da yadda take aiki

Abin mamaki, ɗan tseren mota ne ya ƙirƙiro ta. Maurice Gatsonides, ɗan ƙasar Holan wanda ya lashe gasar tseren Monte Carlo a 1953, ya so ya riƙa auna gudunsa a kan kwana domin ya ƙara sauri. Ya kafa kamfanin Gatsometer a 1958, daga baya 'yan sanda suka zama manyan masu sayen na'urarsa. Birtaniya ta fara kafa irin waɗannan kyamarori a yammacin Landan a 1992, Faransa ta bi sahu da masu aiki da kansu a 2003.

Mafi yawansu da na'urar rada suke aiki. Na'urar na harba igiyar rediyo zuwa ga mota, igiyar ta bugi ƙarfe ta dawo, daga canjin da aka samu a cikinta a gane saurin motar. Wasu na amfani da hasken leza, wasu kuma da wayoyin da aka binne a cikin kwalta. Idan gudun ya haura iyaka, kyamara ta ɗauki hoton lambar motar tare da rana da lokaci da wuri, kwamfuta ta karanta lambar, a nemo mai motar a rumbun bayanan rajista, a aika masa da takardar tara. Akwai wani nau'in da ake kafa kyamara biyu a wurare biyu masu nisa, a lissafa lokacin da mota ta ɗauka tsakaninsu. Wannan yana maganin direban da ke taka birki a gaban kyamara ya saki bayan ya wuce.

Shaidar amfaninsu tana da ƙarfi. Cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken kiwon lafiya, ta duba nazari 35 a shekarar 2010, ta iske haɗurran da ake mutuwa ko a ji mummunan rauni a cikinsu sun ragu da kashi 11 zuwa 44 cikin 100 a kusa da wuraren da aka kafa kyamara. Masu nazarin sun ja hankali cewa ingancin binciken ya bambanta, kuma kusan dukkansa a ƙasashe masu arziki aka yi shi. Birnin New York na Amurka ya zama abin misali kan makarantu: ya fara da wurare 20 bisa dokar 2013, ya faɗaɗa zuwa 750 a 2019, daga Agustan 2022 kuma kyamarorin suka koma aiki dare da rana. Tarar dala 50 ce, ba a kuma kama mutum sai ya haura iyaka da fiye da mil 10, wato kimanin kilomita 16 a sa'a.

Masu suka ma suna da hujja. Babban zargin shi ne gwamnatoci kan mayar da kyamara hanyar tatsar kuɗi, su ɓoye ta a inda za ta fi kama mutane maimakon inda aka fi mutuwa. A Faransa, lokacin zanga-zangar masu rigunan ɗorawa, ministan cikin gida ya bayyana a Janairun 2019 cewa an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na kyamarorin ƙasar. A Ruwanda, inda jama'a suka laƙaba wa kyamarorin suna Sofiya, sai da Shugaba Paul Kagame ya fito a ƙarshen 2021 ya ce iyakar gudun da aka sa a wasu hanyoyi ta yi ƙasa ainun. Kewayen makaranta dai shi ne wurin da wannan suka ta fi rauni, domin dalilin dokar yana tsaye a bakin titi da jakar littattafai a bayansa.

A Najeriya, FRSC ta fi karkata ga na'urar ƙayyade gudu da ake ɗaura wa injin motocin haya, wadda ta fara tilasta sanyawa gadan-gadan daga 1 ga Fabrairu, 2017. Na'urar tana hana mota wuce iyakar babbar hanya, amma ba ta san an shigo gari ba. Bas ɗin da aka ƙayyade wa kilomita 90 zai iya ratsa gaban makarantar firamare a kan 85 ba tare da na'urar ta motsa ba. Jihar Legas ce ta yi nisa wajen kyamara. A farkon 2025 ta sanar da kafa su a Alapere, inda iyaka take kilomita 80, da titin Mobolaji Bank Anthony, inda take 60, tare da tarar Naira 50,000.

Sharuɗɗan da kyamara ke buƙata

Kyamara hoto kawai take ɗauka. Kafin hoton ya zama horo ga direba, sai abubuwa da dama sun cika, kuma kowannensu yana da wuya a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Na farko, sai an sami doka da ta ayyana iyakar wurin, da allon alama da direba zai gani tun daga nesa, domin ba a cin mutum tara kan abin da ba a sanar da shi ba. Na biyu, sai abin hawa yana da lamba mai karantuwa da aka yi wa rajista da sunan mai shi na yanzu. A karkarar Katsina babura ne suka fi yawa a kan hanya, da yawansu ba su da lamba, mota kuma takan wuce hannu uku ko huɗu takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko. Na uku, na'urar na buƙatar wuta da layin sadarwa. Farantin sola zai iya maganin wuta, amma mazauna yankin ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, ciki har da waɗannan ukun. Ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashi, ga ɓarayin batir, ga buƙatar gwada na'urar lokaci zuwa lokaci domin kada shaidarta ta faɗi a kotu.

Akwai kuma abin da ba a samu a littattafan ƙasashen waje ba. A waɗannan hanyoyi tsoro yana cikin abubuwan da ke taka totur. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda hare-haren 'yan bindiga. Direban da ya saba ratsa daji da addu'a a bakinsa ba ya son abin da zai sa ya sassauta, kuma fasinjojinsa ma ba sa so. Wannan tsoro gaskiya ne, duk tsarin da ya yi watsi da shi ba zai karɓu ba. Amma kewayen makaranta ba daji ba ne. Mita 300 zuwa 500 ne a tsakiyar gari, da rana tsaka, cikin jama'a. Matsalar ita ce ƙafar da ta saba da gudu tun daga daji ba ta ɗagawa da kanta idan an shigo gari, sai an sami abin da zai tuna mata.

Lokutan makaranta ma sun sha bamban. A Turai da Amurka akan taƙaita dokar ga sa'o'in shiga da tashi. A ƙasar Hausa yaro kan je boko da safe, ya tashi da azahar, ya koma Islamiyya da la'asar, wasu Islamiyyun kuma Asabar da Lahadi suke cika. Almajiran makarantun allo suna karatu da asuba da dare, suna yawo a tsakani, hutunsu kuma Alhamis da Juma'a ne. Ranar kasuwa yara masu talla kan cika bakin titi. Dokar da za ta yi aiki daga ƙarfe 7 zuwa 2 na rana, Litinin zuwa Juma'a, za ta bar rabin yaran a waje.

Abin da ya yi aiki a Afirka

Misalan da suka fi kusa da yanayin kudancin Katsina ba na kyamara ba ne. A mararrabar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi a Ghana, an shimfiɗa ƙananan kunyoyi masu girgiza mota, sai haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 55, tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamaren da yaransu suka fi jin rauni, ta gina tudun rage gudu da hanyar masu tafiya a ƙasa da zanen tsallakawa, a wasu wuraren ma ta sauya wa makaranta ƙofa domin yara su daina fitowa kai-tsaye kan babban titi. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100, aikin kuma ya sami babbar lambar yabo ta birane a 2019.

Tudun rage gudu ba ya buƙatar wuta ko sabis, ba ruwansa da ko babur yana da lamba, ba ya kuma karɓar na goro. Amma yana da ƙa'ida. Sau da yawa bayan mota ta kashe yaro, matasan gari kan fito cikin fushi su tara ƙasa da duwatsu ko su zuba siminti a kan titi, ba fenti ba alama. Irin wannan tudu kan kayar da masu babura da dare, ya fasa ƙasan mota, ya kifar da babbar motar da ta yi lodi, shi ya sa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta sha ba da umarnin rushe waɗanda aka yi ba izini a hanyoyinta. Wanda injiniya ya tsara yana da faɗi da gangara mai laushi, tsayinsa ba ya wuce kimanin santimita 10, ana shafa masa fenti mai ƙyalli, a kuma kafa allon gargaɗi kafin a iso shi. A babbar hanya ana fara sauke gudu mataki-mataki, daga 80 zuwa 50 a mashigar gari, sannan 30 a gaban makaranta.

Ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta danganta da mai hanyar. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Gwamnatin Tarayya ce, saboda haka izinin tudu ko allo a kanta yana hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta ofishin kwanturolanta da ke Katsina, kula da gudu kuma na FRSC. Hanyoyin jiha suna ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka ta jiha da hukumar KASSAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa. Sauya ƙofar makaranta, ko tsayar da babban mutum da tuta ya riƙa tsallakar da yara lokacin shiga da tashi, abu ne da shugaban makaranta da kwamitin iyaye da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za su iya yankewa a zama ɗaya. Shugabannin tashoshin mota na Funtuwa da Sheme da Ƙanƙara kuwa sun san direbobinsu da suna, abin da kyamara ke kashe miliyoyin Naira kafin ta gano.